A sakar wa 'yan wasa dayis, mai jan labari ya ji da labarinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani wasa da na san ba kowa ya san shi ba a nan wajenmu, wato wasan labari na kan tebur irin su Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labarin, dodanni da 'yan fashi da sarakuna duk a hannunsa suke, sauran kuma kowa ya riƙe jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai yi, in abin da haɗari sai a jefa dayis irin na lido amma mai fuska 20 a ga ko ya dace. Kafin wani ya ce caca ce, ba a sa ko sisi, kuma ba mai cin wani.

Abin da nake so in faɗa wa masu jan wasan shi ne su cire hannunsu daga dayis gaba ɗaya, su bar wa 'yan wasa.

A tsohon tsari mai jan labari yana zaune ne bayan wani kwali da ke kare shi, can yake jefa wa dodanni nasu dayis ɗin ba mai gani. To wallahi duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya san jarabar da ke wajen, dodo ya kai sara, dayis ya nuna 19, jarumin ƙaninka saura ƙiris ya mutu, ka ɗago ka ga yaron ya zuba maka ido, sai kawai ka ji bakinka ya ce “ya kuskure ka”. Tausayi ne, na yarda, amma 'yan wasa ba yara ba ne, wata rana za su gano, kuma daga ranar ko da gaske suka kashe dodo sai su ce ai Yaya ne ya bar mu.

Ga kuma zaman jira. 'Yan fashi shida suka tare hanya, kai kaɗai kana ta jefawa kana lissafi kana rubutu, kafin ka gama rabin teburin sun koma WhatsApp. Amma ka ce “Malam, ga ɗaya ya kawo maka sara ta hagu, kare kanka” ka ga yadda mutum zai ajiye waya ya ɗau dayis yana hura masa iska, sauran duk sun leƙo, in ya faɗi a 3 ba wanda zai zarga sai hannunsa.

Ba ni na ƙirƙiro ba fa. A wasan Apocalypse World na Vincent Baker da ya fito a 2010 mai jan wasa ba ya jefa komai a faɗa, ɗan wasa ne zai jefa dayis biyu masu fuska 6, in ya haɗa 10 ko sama ya samu yadda yake so, 7 zuwa 9 ya samu amma da tsada, 6 zuwa ƙasa kuwa sai abin da mai jan labari ya ga dama. Numenera na Monte Cook a 2013 ma haka, kowane dodo lamba ɗaya gare shi sai ka ninka ta sau 3, dodo mai matsayi na 4 kenan 12 kake nema ko kai ka kai hari ko shi ya kawo maka. Su kansu masu Dungeons & Dragons sun sa wannan a matsayin zaɓi a littafin Unearthed Arcana na 2004, sai dai a kula, lissafinsu ya ɗan karkace. A asali in ƙarfin dodo da kariyarka sun zo ɗaya, 10 zuwa 20 yake nema, fuska 11 cikin 20 kenan, kashi 55 cikin 100 zai same ka. Su kuma suka ce ka nemi 11 a kan ƙarfinsa ka tsira, sai abin ya koma rabi da rabi, an rage wa dodo haƙƙinsa. Ka sa 12 shikenan ya daidaita.

Masu ja da ni suna da magana ɗaya mai ƙarfi, sirri. Mutum ya ce zai duba ko akwai tarko a bakin ƙofa, ya jefa da hannunsa ya ga 2, ka ce masa babu komai, ai ya riga ya san bai duba da kyau ba, sai ka ga kowa na ja da baya wai su a dole ba su yarda da ƙofar ba. Ni abin da nake yi shi ne ba na cewa babu komai, in jifar ba ta yi kyau ba to nan take abin zai faru, ƙafarsa ta riga ta taka igiya, yanzu sai ya faɗi yadda zai yi.

Sai kuma masu cewa in ba a ɓoye ba jarumai za su yi ta mutuwa. Ai ba dole a kashe ba, 'yan fashi na iya ɗaure shi su nemi fansa, ko su kwashe masa doki da takobi su bar shi a daji da ƙafa, kuma ka faɗa masa haka tun kafin ya jefa don ya san me ya sa a gaba. Wasu masu jan wasan kuma kawai daɗin jefa dayis suke ji, wannan kam ba ni da amsarsa, su riƙe na zaɓen yanayin gari ko wanda za a haɗu da shi a hanya, amma a jefa a tsakiyar tebur kowa na gani.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya