Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Masu Farfaɗiya

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ƙanena yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan shekara tara. Sau biyu muka yi hayar mota daga ƙauyenmu zuwa babban birnin jiha domin a yi masa gwajin EEG, wanda ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, sau biyun kuma aka sallame mu da cewa na'urar ta lalace. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa ƙwaƙwalwa tamkar gari ce mai unguwanni: ƙwayoyin jijiya da ke maƙwabtaka suna cuɗanya sosai da juna, sannan akwai 'yan hanyoyin yanke da ke sada unguwa da wata mai nisa, har saƙo ya isa ko'ina cikin ƙiftawar ido. Tun da wasu masu bincike biyu, Watts da Strogatz, suka bayyana irin wannan tsari a 1998, bincike ya nuna yana hargitsewa a farfaɗiya, da cutar mantuwa ta Alzheimer, da wasu nau'o'in taɓin hankali, kuma ta waɗannan hanyoyi ne farfaɗiya ke tashi daga lungu ɗaya ta mamaye sauran. Da EEG da MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki har da ƙwaƙwalwa, ake ganin wannan. Inda babu su, likita sai ya yi lalube, iyaye kuma su koma wajen boka a ce musu iska ce, yaro ya bar makaranta saboda abokansa na gudun yawunsa, alhali cutar ba ta yaɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ta daidai aka ba su magani. A 2022 ƙasashen hukumar, har da Najeriya, suka amince da shirin aiki kan farfaɗiya zuwa 2031. Ga kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta tanadi asusu na musamman. Mu da ke karkara har yau ba mu ga amfaninsu ba.

Ina roƙonka, don Allah, ka sa kowane babban asibitin jiha ya samu EEG mai aiki, da ma'aikacin da ya iya karanta sakamakonta, da kuɗin gyara idan ta tsaya. Tsadar magani ma tana nan tana ci mana tuwo a ƙwarya.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Arewa