A Riƙa Kawo Mana Hasashen Damina Kafin Mu Zuba Iri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne daga Daura kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara sau biyu na yi shuka a gonata da ke hanyar Sandamu. An yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu, muka fita da sungumi muka zuba gero. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku. Ina ji ina gani tsiron ya murɗe, iska ta binne sauran da rairayi. Iri ya tafi, kuɗin 'yan ƙwadago ya bi shi.

Daga baya ne ɗana da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya nuna mini a wayarsa cewa hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina tun farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna, lokacin da zai ɗauke, da wuraren da ake tsoron fari a tsakiyar damina. Har da gargaɗi kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, amma ban taɓa sanin haka ba. To ina ga manomin Baure ko Zango wanda rediyo ce kaɗai jaridarsa?

Maganar ta wuce gona. Duk wanda ya ga sanƙarau na 1996, ko wanda ya sake ɓulla a 2017 har ya shafi Katsina, ya san abin da zafi da ƙura da cunkoson ɗaki ke jawowa. Mutanen Jibiya kuwa ba su manta da ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta zo cikin dare ta ci rayuka da dama. Masana suna da bayani kan yadda waɗannan abubuwa suka danganci sauyin yanayi, sai dai bayanin yana ƙarewa ne a zauren taro.

Sau biyu masu bincike suka zo unguwarmu da takardun tambayoyi. Muka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar mai unguwa, muka gaya musu yadda gawo da ƙirya suka ƙare a dajinmu, da yadda rijiyoyi suka ƙara zurfi. Suka rubuta, suka tafi. Har yau babu wanda ya dawo ya ce mana ga abin da aka gano. Haka dokar sauyin yanayi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2021: ɗan garinmu ne, amma da wuya ka sami mutum a kasuwar Mai'aduwa da zai gaya maka abin da ta ƙunsa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku ware ko da minti goma sha biyar a mako a gidan rediyonku, bayan isha'i. Ku gayyato malamin jami'a da malamin gona da ma'aikaciyar lafiya, su yi magana da Hausar da kakata za ta gane. Kada a tsaya kan "ɗumamar yanayi" kawai. A ce mana kada mu yi shuka da ruwan farko, a faɗi irin geron da ke nuna da wuri, a faɗi watan da za a fara raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi.

Kuma a fuskanci abin da mutane ke faɗa a majalisa, wato gaibu sai Allah. Gaskiya ne. A bayyana musu cewa wannan kirdado ne bisa alamu, kamar yadda tsofaffinmu ke duba gabas su ce hadari ya haɗo, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure. Idan ya kuskure, malamin ya dawo gidan rediyo ya faɗi dalili. Limamanmu ma za su taimaka idan aka kai musu bayanin kafin Juma'a.

Ina fatan za a fara tun watan Maris, kafin mu sauke iri daga rumbu.

Naku mai sauraro,
Wani tsohon malamin firamare,
Daura, Jihar Katsina