A ba masu karatun almara da labaran kimiyya gurbi a jarida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da ma'aikatanku, muna roƙon ku ware wani ɗan gurbi a wannan jarida, ko sau ɗaya ne a wata, inda masu karatun labaran almara da na kimiyya za su riƙa faɗa wa juna abin da ke hannunsu. Masu irin wannan karatu suna nan a Damagaram, tun daga ɗaliban lise da na Jami'ar André Salifou har telan da ke sauraren littafin yaƙi a salula yana taka keke. Inda muke da rauni shi ne yadda ake ba da labarin littafi. A fada, ana kan shayi na biyu, sai wani ya ce littafi kaza ya yi daɗi, ku neme shi, magana ta ƙare nan. Wanda ya ji ya tafi nema, ya dawo da juzu'i na uku ba na ɗaya ba, ko bugun da aka datse don ƴan makaranta. Ya karanta shafi talatin ya ajiye, ya ce ashe abin ba komai.

Sunan littafi kaɗai bai isa ba, musamman a nan inda yawancin littattafan ƙasashen waje ta Faransanci suke iso mu. Dole a faɗi wanda ya fassara. Labarin zobe na Tolkien, wanda ya fito da Ingilishi a 1954 da 1955, fassara biyu gare shi: ta Francis Ledoux ta 1972 zuwa 1973, da ta Daniel Lauzon ta 2014 zuwa 2016. Sunayen mutane da na wurare sun sha bamban a cikinsu. Wanda ake kira Frodon Sacquet a tsohuwar shi ne Frodo Bessac a sabuwar. In mutum ya ari juzu'i na ɗaya na tsohuwar, ya samu na biyu na sabuwar, sai ya ga kamar an canza masa mutane a tsakiyar tafiya. Gane su ba wuya: juzu'in farko na Ledoux sunansa La Communauté de l'Anneau, wanda Lauzon ya fitar a 2014 kuwa La Fraternité de l'Anneau.

Sai yawan juzu'ai, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Masu ɗab'i na Faransa suna da al'adar raba littafi mai kauri gida biyu ko uku. Dune na Frank Herbert littafi ɗaya ne a asalinsa na 1965, amma akwai bugun aljihu da ya raba shi biyu, wanda ya sayi na ɗaya kawai zai tsaya ne labari bai kai ko'ina ba. Le Trône de fer na George Martin littafi biyar ne da Ingilishi, wani bugun Faransanci ya mai da shi goma sha biyar, wani kuma ya sake haɗe su biyar da sunan Intégrale. Saboda haka in wani ya ce "ina na huɗu", ba a san inda yake ba sai ya faɗi bugun. Ya kamata kuma a gaya wa mai shirin farawa gaskiya, cewa labarin bai ƙare ba, na biyar tun 2011 ya fito. Littattafan yaƙi na Kano ma haka suke zuwa, kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har gaba. Mai kawo su daga kasuwa yakan kwaso abin da ya tarar ne. Kafin a biya, a buɗe shafin ƙarshe na kashin da aka ce shi ne na ƙarshe. In an ga "mu haɗu a littafi na gaba", to akwai saura.

Abu na gaba da mai ba da shawara zai faɗa shi ne irin labarin, da kuma inda yake fara kama mutum. Labarin kimiyya yakan ɗauki abu ɗaya da ilimi ya sani ko yake hasashe, ya bi shi har inda ya kai. Almara ita ke kafa dokokin duniyarta, da aljanu da tsafi da takubba. Duka biyun da ma'auni ɗaya muke auna su: mene ne jarumin ba zai iya ba? In babu abin da ya gagare shi, labari ya mutu tun a babi na uku, ko da an kashe dakaru dubu a kowane shafi. Wannan ne ciwon littattafan yaƙi da yawa. Masu kyau a cikinsu su ne waɗanda aka ɗaura wa sihirin farashi, aka ce layar nan sau uku take aiki, ko ba ta ci a kan ruwa, marubucin kuma ya tsaya a kan abin da ya faɗa.

Ga misali daga abin da muke karantawa yanzu. Le Problème à trois corps na Liu Cixin, ɗan ƙasar Sin, Gwennaël Gaffric ne ya fassara shi daga Sinanci, ya fito da Faransanci a 2016. Juzu'i uku ne, a jere: wannan, sai La Forêt sombre, sai La Mort immortelle. Babobin farko suna kan rikicin siyasar Sin na wajen 1967, babu kumbo, babu taurari, har mai karatu ya ɗauka an ba shi littafin tarihi bisa kuskure. A gaya masa ya daure. Sunan littafin kuwa, wato matsalar abu uku, daga wata matsala ta gaske aka ɗauko shi. In abu biyu ne ke jan juna a sararin sama, kamar rana da duniya, lissafi yana iya faɗin inda kowanne zai kasance shekaru masu yawa nan gaba. Da zarar sun zama uku, babu ƙa'ida guda da ke warware kowane hali, kuma ɗan kuskure a farkon lissafi yana ta girma har hasashen ya lalace. Wanda aka yi wa wannan bayani na layi uku kafin ya fara, rabin wahalar littafin ta sauka daga kansa.

Dune kuwa ba sai an yi wa ɗan Zinder dogon bayani ba. Duniya ce ta hamada inda ruwa ya fi komai daraja, mutanenta suna sa rigar da ke tara gumin jiki ta tace shi a sake sha. Garin da ke zaune a kan dutse, wanda ya san layin jarka da kukan ƴan ga-ruwa a watan Afrilu, zai fahimci wannan fiye da mai karatu a Paris. Akwai kalmomin Larabci da yawa a ciki, har da Mahadi da jihadi, marubucin ya aro su ya yi abin da yake so da su. Gara a faɗi wannan tun farko, domin wani zai ji daɗin ganin su, wani kuma ransa zai ɓaci. Akwai jerin ma'anar kalmomi a ƙarshen littafin, a sa ɗan tsinke a wurin, za a yi ta komawa.

Ba mu so gurbin nan ya zama na littattafan Turawa kaɗai. Almara a rubutun boko na Hausa ta girmi yawancinmu. Gasar da aka yi a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasashen aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da aka tafi da shi sararin samaniya. Yaron da ya fara da waɗannan ba zai ɗauka cewa tunanin sama da taurari na wasu mutane ne can ba.

Akwai kuma littattafai biyu da ya kamata a karanta su kusa da juna saboda ƙasarmu tana ciki. Na farko Cinq semaines en ballon na Jules Verne, na 1863, inda Turawa uku suka tashi daga Zanzibar cikin balan-balan suka ratsa Afirka har Senegal. Sun wuce ta saman Zinder, kuma abin da marubucin ya ga ya dace ya faɗa game da garin shi ne filin kisa da itaciyar da ke tsakiyarsa. Verne bai taɓa zuwa nan ba, daga rubuce-rubucen matafiyan Turai irin su Barth ya tattaro bayanansa, kuma raini ga baƙar fata a fili yake a littafin. A karanta shi ido buɗe. Na biyu The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta Ibo ne daga Nijeriya. Ya fito a 2007, aka sake buga shi a 2023, labarin yana faruwa ne a Nijar, a shekarar 2070 a bugun farko, jarumar kuma yarinya ce. Da Ingilishi aka rubuta shi, don haka a fada ana buƙatar mai jin harshen ya karanta babi ya juya wa saura.

Kada mai ba da shawara ya manta da shekarun mai karatu. Littafin Martin yana da kwanciya da zubar da jini a bayyane, ba na ɗan koleji ba ne. Layi ɗaya ya isa a faɗi haka. In uba ya tsinci irin wannan a jakar ɗansa ba tare da gargaɗi ba, duk karatun ne zai hana, har da mai amfani.

Maganar aro ita ke kashe ƙungiyoyin karatu, ba rashin littafi ba. Mutum goma sha biyu, kowa ya ba da dala ɗari a wata, wato sefa 500, an tara jika shida. A sami littafin rajista ɗaya mai gida huɗu: sunan littafi da lambar juzu'i, wanda ya ɗauka, ranar ɗauka, ranar dawowa. Mako biyu ga ƙaramin littafi, wata ɗaya ga mai shafi ɗari biyar. Ba a ba mutum juzu'i na biyu sai ya dawo da na ɗaya, kuma ba a ba da aro a kan aro. Da wanda ya ara ya miƙa wa abokinsa, littafin ya fita daga rajista, ba mai sake ganinsa.

Yanayinmu ma yana cin littafi. Bugun aljihu da gam ake manne bayansa, zafin bazara yana busar da gam ɗin, in aka buɗe littafin da ƙarfi sai ya tsage, shafuka su fara zubowa. Kada a bar shi a rana ko ƙarƙashin sirdin babur. Na Kano kuwa da ƴar wayar ƙarfe ake ɗinke tsakiyarsu, damina ɗaya ta isa ta yi tsatsa ta cinye takardar. A cire wayar tun littafin yana sabo, a huda wuri uku a kan ninkin da basilla, a ɗinke da zare mai ƙarfi irin na dukawa, a ɗaure a tsakiya ta ciki. A ajiye su a akwatin ƙarfe da aka ɗora kan bulo, nesa da bango saboda gara, a zuba busasshen ganyen dogon yaro a ƙasan akwatin.

Masu karatu a salula su bambance PDF da EPUB. PDF hoton shafi ne a kafe, a ƙaramin allo sai an yi ta ja da yatsa, wanda aka ɗauka da na'urar kwafi kuma yana cin wuri sosai. EPUB yana daidaita rubutu da girman allo, ga shi ba nauyi. Kafin a tura wa wani, a duba shafin ƙarshe da jerin babobi, domin da yawa a yanke suke yawo. Wajen neman na Hausa a gwada rubuta sunan sau biyu, da haruffa masu lanƙwasa da kuma babu su, saboda masu ɗorawa da yawa k da d suke sa wa a madadin ƙ da ɗ, kuma ƴ ɗinmu ta Nijar a Nijeriya 'y ake rubuta ta. Littattafan Verne, wanda ya rasu a 1905, halal ne a sauke su kyauta. Na marubucin da ke raye yana sayar da littafinsa a Kano ba haka ba ne. In aka yi ta raba kashi na ɗaya kyauta, kuɗin buga na biyu ba zai fito ba, mu ne kuma za mu zauna da labarin da babu ƙarshe.

Abin da muke roƙo, Malam Edita, kowace wasiƙa kada ta wuce kalma 150, ta ƙunshi abubuwan da muka ambata, ba tare da tona ƙarshen labari ba, kuma a buga sunayen Hausa da haruffansu daidai. Muna so a fara da Tauraruwa Mai Wutsiya. Duk mai kwafinsa, a Zinder ne ko Miriya ko Magariya ko Matamai, ya rubuto shekarar bugun da ke hannunsa da yawan shafukansa, da ko zai yarda a zo a karanta a wurinsa.

Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu ma'abota karatu,
Zinder