Game da darasin PFAS da yara suka kawo muku gida

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Wasunku sun aiko suna tambayar me muka koya wa yara har suka koma gida suna leƙa kasko suna cewa a jefar. Ga yadda aka yi.

A darasin kimiyya malama ta ɗiga ruwa a kan ƙyalle biyu. Na auduga ya shanye nan take. Ɗayan kuwa yankin rigar ruwa ne: ruwan ya dunƙule kamar ƙwayar carbi, ya gangara ya faɗi, ƙyallen ko danshi bai yi ba. Daga nan aka shiga zancen PFAS, dangin sinadarai ne da suka kai dubbai, waɗanda masana'antu ke amfani da su tun shekarun 1940. Ana samunsu a wasu rigunan ruwa irin wannan, da kaskon da abinci ba ya kamawa, da wasu takardun naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobara. Abin da ya sa suke da amfani shi ne kuma aibinsu. Haɗin carbon da fluorine da ke cikinsu ya yi ƙarfin da rana da ƙwayoyin halittar ƙasa ba sa iya warware shi cikin sauƙi. Sai su bi ruwa su shiga jikin kifi, daga kifi zuwa abin da ya ci kifin, suna ƙara taruwa a kowane mataki. Har a hantar farin beyar na yankin ƙanƙara da ke can ƙuryar arewacin duniya an same su, dabbar da ba ta taɓa ganin masana'anta ba.

A jikin mutum ma sukan yi shekaru kafin rabinsu ya fita. A kewayen Parkersburg da ke jihar West Virginia ta Amurka, inda sinadarin PFOA, ɗaya daga cikin dangin PFAS, daga masana'antar DuPont ya gurɓata ruwan sha, an gwada jinin mutum kusan 69,000. Masana suka ga alamar alaƙarsa da cututtuka shida, ciki har da kansar ƙoda da hawan jinin masu juna biyu. A 2023 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa PFOA a jerin abubuwan da ke jawo kansa. Wanda ya fi tsaya mana a rai, mu da ke tare da yara kullum, shi ne binciken 2012 na tsibiran Faroe da ke arewacin tekun Atlantika: yaran da PFAS ta yi yawa a jininsu, garkuwar da suka samu daga allurar rigakafi ta fi rauni. Wannan ba dalilin fasa rigakafi ba ne ko kusa.

To, sai maganar kasko. Ba mu ce a kwashe kayan girki a zubar ba. Amma wanda ya kankare yana ɓarewa, a canza shi, kuma kada a bar shi kan wuta ba komai a ciki. Ya kamata hankalinku ya fi karkata ga ruwan sha, musamman idan kuna kusa da masana'anta ko filin jirgin sama. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire PFAS. Matatar ruwa mai gawayi na musamman tana rage ta, muddin ana sauya gawayin a kan kari.

Mai ƙarin tambaya ya rubuta a littafin aikin gida na ɗansa, malamar kimiyya za ta amsa.

Wassalam,
Hukumar makaranta