Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Shuɗin Akun Brazil

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka game da akun Lear, wanda ka ji an ce yana gab da ƙarewa.

Tsuntsu ne babba, tsawonsa ya kai santimita 70, jikinsa shuɗi kamar an tsoma shi a baba, sai ɗan rawaya a gindin baki da kewayen ido. Tun 1856 masana suka raɗa masa suna, amma sun shafe fiye da shekara 100 suna ganinsa a keji kawai, sai a 1978 wani masanin tsuntsaye mai suna Helmut Sick ya gano mazauninsa a yankin Raso da Catarina, cikin jihar Bahia ta Brazil, inda tsuntsun yake kwana yake kuma ƙyanƙyasa a ramukan manyan duwatsu. A farkon shekarun 1980, waɗanda aka ƙirga ba su wuce kusan 60 ba.

Masu kama shi su sayar sun yi ɓarna, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar abinci. Kusan duk cimarsa ƙwallon wata bishiya ce dangin giginya da ake kira licuri, wanda yake fasawa da ƙarfin bakinsa ya ci abin ciki. Da aka sare bishiyoyin domin noma da kiwo, awaki kuma suna cinye ƙananan kafin su tasa, sai yunwa ta kora shi gonakin masara, kuma talakan da ya wayi gari ya tarar an yagalgala masa zangarniya ba zai saurari wa'azin kowa ba, bindiga zai ɗauka. Shi ya sa nake jinjina wa waɗanda suka fara biyan manoma diyya da buhunan masara, domin a ganina wannan ya kai muhimmancin gadin da gidauniyar kare halittu ta Biodiversitas take yi wa duwatsun Canudos, ɗaya daga cikin wuraren da tsuntsayen suke kwana.

Yau yawansu ya haura 1,000, kuma a 2009 aka sassauta matsayinsu a jerin halittu masu fuskantar barazanar ƙarewa na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, sai dai har yanzu suna cikin haɗari, ga masu fasa-ƙwauri, ga wayoyin lantarki da ke kashe su idan sun sauka a kai.

Ka gaida mutanen gida, Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka