Wasiƙar Godiya ga Kamfanin Pagani na San Cesario sul Panaro

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin Pagani Automobili,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa karɓar da kuka yi mana, ni da ɗana, lokacin da muka ziyarci gidan tarihinku da masana'antarku a lardin Modena. Ni malamin koyar da kanikancin mota ne, kuma tun kafin mu bar gida na ƙudurta cewa idan Allah ya kai mu Italiya sai na taka yankin Emilia-Romagna, inda Ferrari ke Maranello, Lamborghini ke Sant'Agata Bolognese, Maserati kuma ke cikin birnin Modena, kowanne kusa da ɗan'uwansa. Mun sha kallo a waɗannan wurare, amma a wurinku ne na ga abin da ya fi shafar sana'ata, wato aikin hannu ana yin sa a gaban idona.

Godiyata ta farko ga ma'aikaciyar da ta yi mana jagora ce. Ta san sarai cewa mu ba masu sayen mota ba ne, domin motar da ke fitowa daga ƙofarku kuɗinta miliyoyin yuro ne, amma duk da haka ta saurari tambayoyina da natsuwa, ta amsa su dalla-dalla, wanda ya fi ƙarfinta kuma ta tambayo mana wani ma'aikaci. Wannan girmamawa ta fi mini komai daraja.

A gidan tarihin ta fara da mu daga ƙananan motocin katako da Malam Horacio Pagani ya sassaƙa tun yana yaro a garin Casilda na Ajantina, inda aka haife shi a 1955, ɗan mai gidan burodi, sannan ta nuna mana motar tseren da ya ƙera da hannunsa yana matashi. Ta ba mu labarin yadda ya iso Italiya a farkon shekarun 1980 riƙe da wasiƙun shaida daga Juan Manuel Fangio, zakaran tseren motoci na duniya har sau 5, ya kama aiki a Lamborghini daga ƙasa, da yadda ya ci bashin banki ya sayi babbar tandar gasa zaren kabon, wato wani zare mai ƙarfi marar nauyi da ake yin bodin mota da shi, da kansa saboda ya tabbata cewa nan gaba da ita za a riƙa ƙera irin waɗannan motoci. Ya kafa kamfaninsa a 1992, bai nuna wa duniya motarsa ta farko, Zonda, ba sai a baje kolin motoci na Janeba a 1999. Shekara 7 yana aikin ƙera mota guda kafin ya yarda a gan ta! Wannan haƙuri na so ɗana ya ji da kunnensa, kuma ya ji.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne sashen da ake haɗa bodi. Na ga ma'aikata suna yanka zaren kabon suna shimfiɗa shi a cikin mazubi falle bisa falle, kamar yadda gwanin tela ke daidaita yadi, suna lura da inda saƙar ta fuskanta, domin ƙarfin bodin ya dogara ne ga wannan, kuma idan motar za ta fita ba fenti dole layukan su haɗu daidai a tsakiya. Daga nan a rufe shi, a zuƙe iskar da ke ciki, a sa shi a tanda inda zafi da matsi za su ƙafar da shi. Na daɗe ina koyar da wannan daga littafi, amma ganinsa ya warware mini abubuwan da zane bai taɓa warwarewa ba. Haka kuma na ga notunan taitaniyom, wani ƙarfe mai ƙarfi marar nauyi, da kowanne ke ɗauke da tambarinku, har waɗanda mai mota ba zai taɓa gani ba.

Zauren haɗa motocin, wanda kuka gina shi kamar dandalin gari da hasumiyar agogo da fitilun titi, ya burge ni da tsabtarsa da rashin hayaniyarsa. A nan muka ga injin mai silinda 12 da Mercedes-AMG ke haɗa muku a Jamus yana jiran a ɗora shi. A ganina kun yi daidai da kuka bai wa mai sayen motarku Utopia, wadda kuka fitar a 2022, damar zaɓar giyar hannu da kuloci, a daidai lokacin da yawancin kamfanoni suka daina yin su. Hana ɗaukar hoto a cikin masana'antar ma alheri ya zame mana, domin ya sa mun zuba ido sosai.

Ina roƙon ku isar da gaisuwata ta musamman ga ma'aikatan sashen kabon, waɗanda suka ɗago kai suka amsa gaisuwarmu duk da aikin da ke hannunsu. Ga duk ɗan'uwa mai sana'ar mota da tafiya ta kai shi Bologna ko Modena, ina ba shi shawarar ya nemi izinin ziyara tun da wuri, domin masana'antar ba a shigarta sai da jagora. Allah ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku da girmamawa,
Wani malamin kanikanci daga Kano