Sanarwa: Tattaunawarmu ta wannan mako kan Maria Orosa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar Asabar bayan isha'i za mu tattauna rayuwar Maria Orosa, masaniyar kimiyyar sinadarai ƴar ƙasar Filifin.

A 1916 ta tafi Amurka, ta yi karatu a Jami'ar Washington da ke Seattle, lokacin hutu kuma tana aiki a masana'antar gwangwanin kifi a Alaska don ta riƙe kanta. Ta koma gida a 1922 ta kama aiki da Hukumar Kimiyya a Manila, babban birnin Filifin.

Abin da ya fi burge ni shi ne dusar shinkafa, wadda mu kan zuba wa dabbobi. Ita ta mayar da ita abincin mutane mai suna Darak, saboda bitamin B1 da ke cikinta yana maganin beriberi, cutar da ƙarancin wannan bitamin ke jawowa. Daga waken suya ta haɗa wani abin sha mai gina jiki mai suna Soyalac. Lokacin da Japan ta mamaye Filifin a Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa shigar da Darak da Soyalac a ɓoye sansanonin fursunoni. Ta rasu a yaƙin Manila, 13 ga Fabrairu 1945.

Ɗalibanmu mata, don Allah kada a yi lattin shigowa. Masu tambaya su turo kafin Juma'a.